Makiyayiyar Tanki na Huɗu

Dare ya raba a hamadar Kizilkum.
Sanyi ya kama tsanin ƙarfe har safar hannu na manne masa.
Na hau, fitila a goshi,
na leƙa garkena.

Ba kuka, ba ƙaho, ba kofato.
Kunu ne mai launin tsatsa yana juyawa,
dutsen da aka niƙa har ya fi garin alkama laushi,
aka dama shi da ruwa ɗan'uwan ruwan batir.
Ɗigo ɗaya ya taɓa huda mini wando a gwiwa.
A nan suke kwana, a nan suke tashi,
ɗaya ya tsage biyu, biyun su zama huɗu,
ba ungozoma, ba suna.

Zulfizar ta ɗakin gwaji ta taɓa kirana:
Oybarcin, zo ki ga dabbobinki.
Na kafa ido a madubi.
'Yan sanduna, wasu a lanƙwashe kamar yankan farce,
suna wutsil-wutsil cikin abin da zai narka cokali.
Ta ce na cikin kofin shayi ɗaya
sun fi mutanen Tashkent yawa,
har da matattunsu.

Babana Toshtemir bai san su ba.
A zamaninsa da wuta ake tuhumar dutse,
a gasa shi sai ya faɗi inda ya ɓoye zinariya.
Hayaƙin ya fito fari, yana warin tafarnuwa,
ya sauka kan rufi, kan shanya,
kan gurasar da inna ta ɓamɓaro daga tanderu.
Asenik. A bakinsa na fara jin sunan, tsakanin tari da tari.
Tafinsa ya yi kanta, bayansa ɗige-ɗige,
kamar wanda ruwan sama mai datti ya doka bai bushe ba.
Hamsin da ɗaya.
Bai taɓa riƙe zinariya ba, ko ta haƙori.

Yau ga su nan suna wanka da abin da ya kashe shi.
Guba ta shigo ta zaure, su kora ta ta ƙofar baya,
su koma kan akushi.
Kuma ba don mu ba.
Ƙarfe suke so, da farar wuta.
Zinariya a wurinsu ƙwallon dabino ce,
a tsotse, a tofar.
Mu ne masu bin ƙasa muna tsincewa.

Kada in yi muku ƙarya:
guba ba ta mutuwa, ɗaure ta ake yi.
Mu zuba mata farar ƙasa, ta kwanta a tafkin bayan shinge,
inda ban taɓa ganin tsuntsu ya sauka sau biyu ba.

Bara, tsakiyar hunturu, lantarki ya ɗauke.
Injin iska ya yi shiru.
Ban san ƙara ce ke riƙe da zuciyata ba sai da ta tsaya.
Kumfa ta kwanta, tanki ya huce kamar goshin gawa.
Da asuba muka jawo tiyo daga tanki na biyu,
yadda ake ɗibar wuta a maƙwabta.
Kwana goma sha tara ina dafa cikin ƙarfen,
sai ran na ashirin ɗumi ya amsa mini.
Na yi kuka, na ce wa Zulfizar sanyi ne.

Yanzu gabas ta yi ja, motar ma'aikata na hon.
A gida ɗana zai tare ni da tambayarsa ta kullum:
Inna, tumakinki nawa?
In ce, ban gama ƙirgawa ba.
Sai in kama hannunsa kamar da wasa,
in juya tafin, in duba.